Bashi Hanji Ne: Waiwaye Kan Zaɓe da Baitulmali Daga Majidaɗi

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a unguwar Majidaɗi ta garin Jalingo har ya ga zaɓe biyu ko uku, ba ya bukatar duba kalanda kafin ya san cewa kakar siyasa ta kama, domin alamominta sanannu ne kamar na damina. Titin da ya shekara uku yana cin tayoyin ababen hawa sai a wayi gari an jibge masa tsakuwa. Famfon da ya daɗe da ƙafewa a zo a shafa masa fenti. A ji sanarwar ɗaukar sababbin ma'aikata, a kuma ga manyan motoci ɗauke da taki da shinkafa. Mawaƙa su ma ba a barin su a baya. Mu ɗaliban adabi mun saba nazarin waƙoƙin siyasa ta fuskar jigo da salo da zubi, kuma mun san yadda mawaƙi kan jero ayyukan gwaninsa ɗaya bayan ɗaya, daga hanyoyi zuwa rijiyoyin burtsatse. Sai dai har yau ba mu ci karo da baitin da ya faɗi inda kuɗin ya fito ba, balle wanda zai biya.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin cike wancan giɓi da mawaƙa suka bari. Za mu bi sawun tarihi mu ga yadda neman ƙuri'a yake sarrafa hannun masu riƙe da baitulmali, da kuma yadda bashin da aka ci domin zaɓe ɗaya yake daɗewa fiye da mulkin wanda ya ci shi.

Zamanin Haraji da Jangali

A shekarar 1893 ne Sarkin Muri Muhammadu Nya ya mayar da Jalingo mazaunin sarautarsa. Sunayen mazaɓun garin na yau, irin su Majidaɗi da Barade da Turaki da Sintali da Sarkin Dawaki, duk sunayen sarautu ne, waɗanda ke tuna mana da cewa fada ce tushen mulkin garin. Da Turawa suka zo, sai suka kafa tsarin Baitulmalin En'e, wanda aka fara a Katsina kafin ya bazu zuwa sauran masarautu, har da Muri. Abin da ke shiga wannan baitulmali daga aljihun talaka yake fitowa: magidanci ya biya haraji, makiyayi ya biya jangali, kuɗin ya bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, a yanka rasit.

Ba za mu yi wa wancan zamani kwalliya ba. An zalunci mutane wajen karɓar haraji, wasu sun sayar da awakinsu, wasu sun gudu daga garuruwansu, kuma a kan wannan ƙunci ne jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta gina yawancin gwagwarmayarta. Amma duk da haka akwai wani abu guda da talakan wancan lokaci ya sani ba tare da an karanta masa ba, wato cewa kuɗin hukuma guminsa ne. In an gina ɗakin shan magani, ya san da kuɗinsa aka gina.

Man fetur ne ya sauya wannan lissafi. Bayan yaƙin basasa, musamman daga 1973 da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi, sai kuɗin gwamnati ya koma fitowa daga rijiyoyin mai, a tara shi a Legas, a raba wa jihohi. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Gongola, Jalingo na cikinta, kuma tun daga ranar farko da kason tarayya ta dogara. Daɗin daɗawa, a 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, wato Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, suka cika alkawarin da suka ɗauka wa masu zaɓe, suka soke haraji da jangali, wasu jihohin Arewa kuma suka bi sawu. Talakawa sun yi murna, kuma sun cancanci yin murnar. Sai dai daga nan tambayar da mai zaɓe ke yi wa gwamnati ta sauya. Da yana tambaya ne a kan yadda aka yi da kuɗinsa, yanzu kuwa ya koma tambayar ina nasa rabon.

Darasin Jamhuriya ta Biyu

Lokacin da Alhaji Shehu Shagari ya karɓi mulki ranar 1 ga Oktoban 1979, kasuwar mai tana ci. A 1980 ajiyar Nijeriya ta kuɗin waje ta kai kimanin dala biliyan 10. Jam'iyyu biyar ne ke riƙe da jihohi 19, kowane gwamna kuma yana son ya nuna cewa tasa jam'iyyar ta fi iya aiki. A Gongola Alhaji Abubakar Barde na GNPP ne gwamna, alhali NPN ce ke mulki a Legas. Aka shiga gasar ba da kwangila. Gwamnatin tarayya tana gina gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi, waɗanda har yau ake kira gidajen Shagari, jihohi kuma suna buɗe makarantu da gidajen rediyo da talabijin da kamfanoni, wasunsu da bashin da suka ciwo daga bankunan ƙetare. A 1981, bayan yajin aikin gama-gari na watan Mayu, aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 125.

A cikin wannan shekara ta 1981 ne kasuwar mai ta fara juya baya. A watan Afrilun 1982 gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. To amma zaɓen Agustan 1983 na tafe, kuma babu ɗan siyasar da ke son ya tsaya gaban jama'a ya ce musu babu. Saboda haka aka ci gaba da shigo da shinkafa daga waje, aka ci gaba da aza harsashin ayyukan da ba a da kuɗin kammala su, bashin 'yan kasuwar ƙetare kuma ya yi ta taruwa. Kafin ƙarshen 1983 ajiyar waje ta zube zuwa kimanin dala biliyan 1, malaman makaranta a jihohi da dama kuma suna bin albashin watanni. A Gongola, Alhaji Bamanga Tukur na NPN ya ci zaɓen gwamna, amma wata uku kacal ya yi a kan kujera, domin ranar 31 ga Disambar 1983 sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu. Waɗanda suka ci bashin sun sauka, bashin kuwa ya zauna, kuma shi ne ya share hanyar shirin SAP na 1986, wanda ya karya darajar naira, ya sa albashin ma'aikaci ya kasa kai shi tsakiyar wata.

A nan ya kamata mu yi wa mai karatu kashedi, kada ya ɗauka cewa maganin cutar shi ne a daina zaɓe. Babban bashin farko na dala biliyan 1 da Nijeriya ta ciwo daga bankunan duniya, a 1978 aka ci shi, a ƙarƙashin mulkin soja. Haka nan a zamanin sojoji ne bashin ƙasashen Turai ya kumbura saboda kuɗin ruwa da tarar rashin biya. Hasali ma da Janar Ibrahim Babangida ya tashi shirya miƙa mulki, da kuɗin baitulmali ya kafa jam'iyyun SDP da NRC a 1989, ya gina musu ofisoshi a hedikwatocin jihohi da na ƙananan hukumomi, daga bisani aka soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, kuɗin ya bi ruwa. Soja ma yana neman farin jini da dukiyar jama'a, bambancinsa da ɗan siyasa shi ne babu ranar da za a iya sauke shi da ƙuri'a.

Yafiya da Komawa Gidan Jiya

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, an yi yunƙurin gyara. A 2000 aka kafa Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa. A 2004 aka buɗe asusun rarar man fetur, domin a riƙa ajiye abin da ya haura farashin da aka gina kasafin kuɗi a kansa. A watan Oktoban 2005, lokacin da Dokta Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, ƙasashen Ƙungiyar Paris suka yafe dala biliyan 18 daga cikin kimanin biliyan 30 da suke bin Nijeriya, ita kuma ta biya kimanin biliyan 12, ta kammala a watan Afrilun 2006. A 2007 kuma aka yi dokar da ta hana giɓin kasafin kuɗi wuce kashi 3 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, ta kuma ce kada a ci bashi sai domin manyan ayyuka da raya ɗan Adam.

Doka dai ga ta a takarda, amma zaɓe bai daina zuwa ba. Asusun rarar mai da ya taɓa kaiwa wajen dala biliyan 20, kafin ƙarshen 2010 an rarake shi, gwamnoni na matsa lamba a raba, zaɓen 2011 kuma na ƙaratowa. A watan Maris na 2011, makonni kaɗan kafin a kaɗa ƙuri'a, aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 18,000. Babu mai ja cewa ma'aikata sun cancanci ƙarin, sai dai abin lura shi ne lokacin da aka zaɓa domin yin sa, da kuma cewa jihohi da yawa sun amince alhali ba su da hanyar biya in mai ya faɗi. Ya kuwa faɗi. Gangar da ake sayarwa sama da dala 100 a tsakiyar 2014 ta koma ƙasa da dala 50 a farkon 2015, daidai lokacin da ake tsakiyar yaƙin neman zaɓe. Ana gama rantsar da sababbin gwamnoni sai asiri ya tonu: yawancin jihohi ba sa iya biyan albashi. Aka ware naira biliyan 338 ta hannun Babban Banki domin ceto jihohi 27, a matsayin bashin da za a biya cikin shekara 20.

Tallafin man fetur ya fi kowane misali bayyana wannan ɗabi'a. Zanga-zangar Janairun 2012 ta koya wa 'yan siyasa cewa taɓa shi tamkar taɓa gidan rina ne. Dokar man fetur ta 2021 ta share fagen janye shi, amma a watan Janairun 2022 gwamnati ta ɗage janyewar da wata 18, wato zuwa bayan zaɓen 2023, aka kuma ware masa naira tiriliyan 4 a kasafin 2022. Giɓin da ya biyo baya, da rancen Babban Banki aka yi ta cike shi, duk da cewa dokar bankin ta 2007 ta taƙaita irin wannan rance ga kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. A watan Mayun 2023, ana saura makonni gwamnati ta sauka, Majalisar Dattawa ta amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 na wannan rance bashi mai wa'adin shekara 40. Ranar 29 ga watan kuma sabon shugaba ya sanar da cewa tallafi ya ƙare. Bashin ƙasa da yake naira tiriliyan 12.1 a watan Yunin 2015 ya kai tiriliyan 87.4 a Yunin 2023, sa'annan tiriliyan 144.7 a ƙarshen 2024, ko da yake faɗuwar darajar naira tana da nata kaso a wannan hauhawa.

Mu tsaya mu auna shekara 40 ɗin nan da ma'aunin gida. Jaririn da aka raɗa wa suna a Majidaɗi a 2023, sai a 2063 wa'adin bashin zai cika, lokacin da shi ma ya zama magidanci mai furfura a gemu. Tsakanin nan da can za a yi manyan zaɓuɓɓuka goma.

Abin da Ya Ci Doma

Wannan cuta ba mu kaɗai ta kama ba. A 1975 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, William Nordhaus, ya bayyana yadda gwamnatoci kan saki bakin aljihu gab da zaɓe, su tsuke shi bayan an ci. A Amurka, ƙarin kashi 20 cikin ɗari na kuɗin fanshon tsofaffi ya fara isa hannunsu a watan Oktoban 1972, wata guda kafin zaɓen da Shugaba Nikson ya sake lashewa. Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Gana, inda 'yan'uwanmu Hausawan zango suke. Gab da zaɓen 1992 gwamnatin Rawlings ta yi wa ma'aikata gagarumin ƙarin albashi, kuma tun daga nan giɓin kasafin ƙasar yakan buɗe baki a shekarun zaɓe. A 2012 ya kusa kashi 12 cikin ɗari na arzikin ƙasar. A watan Disambar 2022 Gana ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje. A farkon 2023 tsofaffin da suka zuba kuɗin fanshonsu a takardun lamunin gwamnati suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Akara, har da wata tsohuwar babbar jojin ƙasar a cikinsu. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Lissafin Taraba

Ranar 27 ga Agustan 1991 aka fitar da Jihar Taraba daga Gongola, Jalingo ta zama hedikwata. An yi murna, domin mulki ya matso kusa da jama'a. To amma kowace sabuwar jiha tana zuwa da nata ɗawainiya: gidan gwamnati, majalisar dokoki, kwamishinoni, ma'aikatu da motocinsu, ga kuma ƙananan hukumomi, waɗanda a yau suka kai 16. Duk wannan nauyi a kan kason wata-wata na asusun tarayya yake hawa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa kuɗin shigar da jihar ta tara a cikin gida a 2023 bai kai naira biliyan 11 ba. A cikin wannan shekarar ce majalisar dokokin jiha ta amince wa sabuwar gwamnati ta ciwo bashin sama da naira biliyan 200 daga bankunan kasuwanci, wato kusan ninki 19 na abin da jihar ke tarawa da kanta. A shekarar ce kuma gwamnati ta ayyana ilimin firamare da sakandare kyauta, ta rage rabin kuɗin karatu a jami'ar jiha, abin da ɗalibanmu da iyayensu suka ji daɗinsa ƙwarai.

Ba hukunci muke yankewa a kan wannan bashi ba, domin bashi kansa ba laifi ba ne. Madatsar ruwa ta Kainji da rancen Bankin Duniya na 1964 aka taimaka wajen gina ta, an kammala ta a 1968, kuma har yau tana ba da wuta. Abin da muke so mai karatu ya fahimta shi ne yadda ake biya. Yawancin basussukan jihohi tun daga Abuja ake zare su, kafin kason wata ya iso. Saboda haka banki ba ya jiran kowa. Wanda ke jira shi ne wanda ba shi da ƙarfin ƙwatar haƙƙinsa: malamin firamare, da ɗan fanshon da ke zaryar neman giratuti, da ƙaramin ɗan kwangilar da ya yi aiki da kuɗin aro, da majinyacin da aka rubuta wa magani ya je ya saya a waje.

Akwai kuma abin da siyasa ke yi wa zaɓin ayyukan kansu. Ɗan takara yana son abin da ido zai gani, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Gyaran rufin aji da sayen alli da zuba man injin famfo ba sa shiga waƙa, don haka su ake fara yankewa. Wani lokaci ma alkawarin kaɗai ya wadatar. Tashar wutar lantarki ta Mambila ta shafe shekaru da dama tana fitowa a bakin 'yan takara. A 2017 aka sa hannu a kwangilar dala biliyan 5.8 domin samar da megawat 3,050, amma har yanzu babu ƙwan lantarki ɗaya da ya kama da wutarta. Hisabi kuwa yana tafiyar hawainiya. An gurfanar da tsohon gwamna Jolly Nyame a 2007, sai a watan Mayun 2018 kotu ta same shi da laifin karkatar da kimanin naira biliyan 1.6, a 2022 kuma aka yi masa afuwa. Kafin a yanke wancan hukunci an yi manyan zaɓuɓɓuka biyu an gama.

Kammalawa

Tarihin da muka bibiya, daga Gongola ta 1983 zuwa Taraba ta yau, ya nuna mana cewa wa'adin mai mulki shekara huɗu ne, wa'adin bashi kuwa yakan kai ashirin ko arba'in, kuma a wannan tazara ce ake yin ɓarnar. Sai dai ba adalci ba ne mu ɗora wa 'yan siyasa laifin duka. Ɗan takara ɗan kasuwa ne mai kasa hajar da ake saye. Mu ne muke tafa wa wanda ya raba, mu kira wanda ya adana marowaci. Duk wanda ya karɓi taliya da atamfa a daren zaɓe ya ci ladan kuturu, kuma askin yana nan tafe.

Abin da ya rage gare mu, malamai da ɗalibai, shi ne mu dawo da tambayar da kakanninmu masu biyan haraji suke yi. Ofishin Kula da Basussuka yana wallafa bashin kowace jiha, kasafin kuɗi kuma a majalisa ake karanta shi a bainar jama'a. Idan ɗan takara ya shigo Majidaɗi da alkawarin titi ko asibiti, mu tambaye shi nawa ne kuɗin, daga ina zai fito, in bashi ne shekara nawa za a yi ana biya, kuma me za a rage domin a biya shi. Mu tambayi ɗan majalisarmu ko ya karanta sharuɗɗan rancen kafin ya ɗaga hannu. Masu alƙalami a cikinmu kuma, waɗanda wannan mujalla take reno, ga jigo nan da ke jiran mai rubuta shi, a waƙa ko wasan kwaikwayo ko ƙagaggen labari.

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma wannan bashi da muke magana a kai har cikin waɗanda ba a haifa ba ya shiga, su kuwa ba su da ƙuri'ar da za su ce sun yarda ko ba su yarda ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe musu amana, amin.